Dagen da Ya Hana Baba Hamani Zuma

Tun da na dawo daga Benin ban huta da tambaya ba. In na zauna teburin mai shayi a bakin tashar Kaoje, kafin a miƙo mini kofi wani ya jawo maganar. In na je fadama duba shinkafa, maƙwabtan gona su ajiye aiki su zo. Kowa da irin labarin da ya ji, har akwai wanda ya rantse an ce masa da ƙafa ɗaya na komo. To ga yadda abin ya kasance, daga fitata har dawowata.

Ni manomin shinkafa ne, amma da tarko aka fi sanina. Wurin mahaifina na koya. Wanda gafiya ta dama, ko zomo, ko gyazbi mai yanke karan shinkafa, ni yake nema. Dage kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa tun ina ƙarami, shi ma matacce, a kafaɗar wani maharbi.

A kasuwar Lolo abin ya fara, farkon bazara. Akwai wani dattijo mutumin Dandi da ake kira Baba Hamani, yana tsallako iyaka da zuma duk shekara, kuma wurinsa nake saye. Na saba ganin kwalabe jere gabansa har sai an rasa wurin taka ƙafa. Ranar nan guda uku na tarar.

Na ce, "Baba, ina zuma ta tahi bana?"

Ya ce, "Dage ya shanye ta. Amya talatin gare ni cikin daji, sha huɗu sunka rage." Ya ɗan dube ni. "An ce mani babu dabbar da ke tsere ma tarkonka."

Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Ban tsaya tunani ba na ce masa kwana uku sun ishe ni.

Kasuwa ta gaba na bar wa ƙanena gona, na ɗauki buhu na zuba tarkon ƙarfe huɗu masu haƙora, da naɗin waya, da filaya, da kaya kala biyu. Muka haɗu da Baba a Lolo, muka hau ɗan kabu-kabu ɗaya mu biyu. Ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu da yawa ba, aka duba katin shaidata aka ce mu wuce. A ɓangaren Benin igiya ce aka ja a hanya, da rumfa a gefe. Wani jandarma siriri ya buɗe buhuna, ya ɗago tarko ɗaya, ya juya shi, ya yi magana da Faransanci. Baba ya amsa masa da Dandanci. Suka yi ta yi, ni ina tsaye ina kallon bakinsu.

Daga ƙarshe Baba ya juyo ya ce, "Ya ce wanga ƙarfe ba ya shiga ƙasassu. Za su aje maka, su ba ka takarda, in za ka koma ka amsa."

Mutumin bai ɗaga murya ba, har kujera ya nuna mini. Sai dai mai sa hannu a takardar ya tafi hutun rana. A nan na fara ganin bambancinmu da su. Da rana ta take, sai su rufe komai su tafi gida su kwanta, ba za ka sake ganinsu ba sai wajen ƙarfe uku. Muka zauna gindin mangwaro muna jira. Baba ya sayo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, an tsaga cikinsa an zuba wake da mai da yaji. Cizon farko ya kuje mini dasashi. Kafin in kai ƙarshensa na fara sonsa.

Da aka ba ni takarda sai aka ce kuma ba a hawa babur babu hular kwano. Ɗan kabu-kabun ya aro mini wata da ta yi mini kaɗan, ta zauna a tsakiyar kaina kamar an kifa ƙwarya a kan tulu. Haka muka bar kwalta muka nausa kudu, ta cikin gonakin auduga da aka riga aka tsince, sannan daji. Taya ta sace sau ɗaya, muka tura babur har wata ruga inda aka samu famfo. Ana kiran magariba muka isa.

Tungarsu gida bakwai ce. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma har ƙasa ake durƙusawa, maza da mata, ana ta "fofo, fofo", wanda shi ne sannu a wurinsu. Ni da na saba in miƙa hannu in ɗan ranƙwafa, sai na ga dattijai sun tsuguna mini, na rasa yadda zan yi, na zube ni ma har gwiwata ta bugi turmi. Matar Baba, Inna Zalika, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, ba ta jin Hausa ko kaɗan, amma babu abin da ke wuce ta.

Aka sauke ni a ɗakin da Baba ke ajiye kakin zuma da tsofaffin amya. Ƙamshinsa da daɗi, sai dai da gari ya waye ƙudan zuma ke shigowa ta taga su yi ta shawagi a kan fuskar mutum. Abinci kuwa sakwara ce kusan kullum, da miyar gyaɗa, da wani cukun nonon shanu da suke kira wagashi, bayansa ja, a soya shi a jefa cikin miya a madadin nama. Na yi kewar tuwon shinkafa kwana biyu, daga nan na manta da shi.

Da safe Baba ya kai ni daji. Amyarsa irin tamu ce, saƙar ciyawa da aka shafe da kashin shanu, a ɗora a reshen kaɗanya ko ɗorawa. Na ga inda aka yi ɓarnar. An jeho amya ƙasa, an farke ta tun daga baki har gindi, an cinye saƙar da 'ya'yan zuman, ga matattun ƙudaje baƙi ƙirin a ƙasa. Na tsuguna na duba sawu. Faratan gaba dogaye ne, sun kai rabin yatsana. Wani wari kuma ya riƙe wurin, irin wanda ke shiga maƙogwaro.

Muna tsaye sai ga babur, da wani ƙaƙƙarfan mutum cikin koren kaki. Baba ya ce, "Ga Mushe Biyo, mai tsaron gandun daji." Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe a wurinsu mushe girmamawa ce, kamar mu ce malam. Na daure na gaishe shi da sunan, ina jin kamar na zage shi. Yana jin Hausar kasuwa sosai.

Ya ce, "Kai ne baƙo mai tarko? An gaya maka doka?"

Na ce ba a gaya mini ba.

"Nan bakin gandu ne. Ba a kashe shi, ba a karya masa ƙafa. In ka kama shi da rai, a kira ni, mu kai shi can ciki mu saki."

Da ya tafi na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da na hwaɗa maka tun Lolo, da ba ka zo ba." Gaskiya ya faɗa.

Na fara da abin da ya rage mini, wato waya. Na yi zarge guda shida a kan hanyar da yake bi, na ƙulla kowane yadda zai riƙe shi a ƙirji ba tare da ya shaƙe shi ba. Da asuba muka tarar ɗaya ya kama. Ƙasar wurin ta zama kamar an yi huɗa, ciyawa duk ta kwanta, wayar ta murɗe ta tsinke, gashi fari da baƙi manne a jikinta. Bayan ya kuɓuta bai gudu ba, sai da ya hau kaɗanyar da ke kusa ya sauko da amya ɗaya.

Na ce to, akurki zan yi. Kwana biyu muna sarar itacen ƙirya, wadda gatari ma ke jin jiki a kanta. Na kafa itatuwan da zurfi, na ɗaure da waya, na yi ƙofa mai faɗowa, na sa saƙar zuma da busasshen kifi a ciki. Dare na farko bai zo ba. Na biyu ya zo, ya shiga, ƙofa ta faɗo kamar yadda na tsara. Da safe muka tarar da ƙofa a rufe, kifi babu, zuma babu, ga rami ya bi ta ƙarƙashin itatuwan ya ɓullo waje. Na leƙa ramin, warin ya doke ni, sai da na koma gefe na yi amai. Ranar ko da na yi wanka sau biyu, Inna daga nesa ta turo mini kwanon abinci da ƙafa.

Kwana bakwai ke nan, amya ta koma sha ɗaya. Da la'asar muna zaune a ƙofar gida, Baba yana gyaran wata amya da aka farke, yana ɗinke ta da zaren kaba a hankali. Ya ce bayansa ya daina barinsa ya yi noma shekara biyar ke nan. Zumar nan ita ce hatsinsu, ita ce maganinsu, ita ce suturarsu. Bai faɗa don in ji kunya ba, labari kawai yake ba ni. Amma na ji kunyar. Na tuna yadda na buɗe baki a Lolo na ce kwana uku.

Na ce, "Baba, gaskiya ban san dabbar nan ba. Duk abin da na iya, na gahiya ne da zomo."

Bai ɗago ba ya ce, "Ni shekara arba'in muna daji ɗaya da shi, ban san shi ba. Ka ci abinci."

Inna ta tambaye shi me muke cewa. Ya gaya mata. Ta yi wata doguwar magana tana nuna bayan ɗaki da muciya. Baba ya yi kamar ba zai fassara ba, sai da ta zungure shi.

"Ta ce maza biyu sun zauna suna ba dage abinci awa baƙon gida. Ta ce duk gidan ga abu ɗaya ne ba ya iya taunawa, duron ruwanta."

Duron ƙarfe ne mai kauri, irin na mai. Washegari muka ɗaura shi a amalanke zuwa wani ƙauye mai maƙeri. Ni ba Dandanci, maƙerin ba Hausa, sai na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya duba, ya share wani wuri da tafin hannu ya gyara, kuma gyaransa ya fi nawa. Ya yi ƙofar ƙarfe mai zamewa daga sama, ya huda ƙananan ramuka don iska. Na ƙona ciyawa a ciki, na shafe shi da kaki da kashin shanu don warin hannunmu ya ɓace, sannan na sa zuma a ciki.

Daren farko dage bai shiga ba. Ya tura duron ya yi ta mirgina shi har cikin wani kwari, ƙofa ta fita daga hanyarta, zumar ta zubo, ya lashe. Na sauka kwarin raina a ɓace. Amma da na duba jikin duron sai na tsaya. Duk ya karce shi ta ko'ina, fenti ya tashi, amma babu inda farcensa ya samu wurin kamawa.

Na kira Baba na nuna masa. Na ce, "In ba ya iya riƙe ƙarfe, ba ya iya hawa icen da anka naɗe da kwano."

Baba ya shafa karcen da yatsa, ya daɗe yana kallo. Yana da tsofaffin kwanon rufi na wata rumfa da iska ta kayar. Muka zaɓi itatuwa biyar dogaye, masu miƙaƙƙen gindi, waɗanda babu wani reshe da ke taɓa su, muka ce a kansu za a tara duk amyar da ta rage. Aikin ba ya sauri. Sai an miƙe kwanon da guduma, a naɗa shi sama da tsayin mutum, a buga ƙusa, sannan a jira rana ta faɗi a ɗauko amya a hankali. Ƙudan zuma ya harbe ni a fatar ido, na kwana biyu ina gani da ido ɗaya. Duron kuma na kafe shi da turaku huɗu, na danne da duwatsu.

Mun gama itace biyu, ranar kwanana goma sha ɗaya, muka fito da asuba. Tun daga nesa muka ji duro yana ƙara kamar ana dukansa da taɓarya. Muka ƙara sauri. Na matsa na leƙa ta ramin iska. Ga shi nan, bai fi ƙaramin kare ba, bayansa fari-fari tun daga goshi har wutsiya kamar an yafa masa tsumma, ƙasansa baƙi. Idonsa ƙanana. Bai ja da baya ba, sai ya kawo wa ramin cizo, na ji haƙoransa a kan ƙarfe. Shekara ashirin ina kama dabbobi, kowace in ta gan ni tsoro nake gani a idonta. Wannan fushi kawai yake yi.

Aka aika wa Mushe Biyo, ya iso da hantsi. Muka ɗaure duron a bayan babur ɗinsa, ni kuma na ari na wani maƙwabci na goya Baba. Muka yi tafiyar kusan awa biyu cikin gandu, duro yana ta rawa, Mushe yana ta kokawa da kan babur. A bakin wani busasshen rafi ya ce nan ya yi.

Na ɗaura igiya a ƙofar, na jefa ta kan reshe, muka koma nesa na ja. Ƙofa ta ƙi tashi, dukan da ya yi mata ya lanƙwasa ta. Na ja, Mushe ya ja, ko motsi. Babu yadda za a yi sai a ɗaga da hannu. Na hau kan duron, na kama ƙofar da hannu biyu na fizge. Niyyata in zauna a sama har ya wuce. Amma da ya fito bai wuce ba, ya juyo ya miƙe ya cafki ƙafar wandona. Ban san lokacin da na diro ba, ban san lokacin da na kama reshe ba. Na dai ga kaina a kan wata ɗorawa, ƙafar wando ɗaya babu daga gwiwa zuwa ƙasa. Da na duba gefe sai ga Mushe Biyo a reshen da ke sama da nawa, hularsa a ƙasa.

Baba ba ya iya hawa itace da sauri saboda bayansa. Ya tsaya inda yake, hannayensa a baya, ko ƙifta ido bai yi ba. Dage ya yi watsi da ƙyallen wandona, ya je ya ciji tayar babur sau biyu, ya wuce ta gaban Baba kamar bai gan shi ba. Ya girgiza jiki, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, sannan ya kama 'yar sassarfarsa ba gaggawa.

Muka sauko. Mushe ya ɗauki hularsa ya kaɗe, yana bin dabbar da kallo. Can ya ce, "Malam, wannan ai hanyar da muka biyo ce."

Muka juya muka dubi hanyar mu uku. Sai Baba ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Ya ce, "Ku tashi mu tahi. Mu muna da babur, shi ƙasa yake tahiya. Ice ukku sunka rage muna."

Ranar har Mushe Biyo ya tuɓe rigar kakinsa ya riƙe guduma. Maza uku daga tungar suka zo taya mu. Kafin duhu ya rufa mun naɗe itatuwan duka, mun ɗora amya ta ƙarshe.

Kwana biyu ba mu ga komai ba. A na uku da safe muka tarar da sawunsa. Ya zagaya itatuwan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ya karci kwanon kowanne, ya ɗan yi tono a gindin guda, sannan sawun ya miƙe ya yi yamma. Muka ɗaga kai. Amya goma sha ɗaya suna nan, ƙudaje na shiga suna fita. Baba ya zauna a kan wani dutse ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ni ma na zauna. Ban taɓa jin daɗin ganin sawun dabbar da ta kuɓuce mini ba sai ranar.

Washegari na yi sallama. Inna ta cika mini galan da zumar da ta ɓoye tun bara, ta ƙulla mini wagashi a ganye, ta yi mini wata doguwar addu'a da ban ji ko kalma ɗaya ba, ina ta cewa amin. A iyaka na miƙa takardata aka ba ni ƙarafuna cif, na iso Kaoje bayan la'asar.

Matata Hauwa'u tana tankaɗe a tsakar gida. Ta karɓi galan ɗin, ta ɗaga wandon mai ƙafa ɗaya da rabi ta duba, sannan ta zauna na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "To ka kama shi?"

Na ce na kama.

"Yana ina?"

Na ce yana can dajinsu, inda na same shi.

Ta buɗe galan ɗin ta sa yatsa ta lasa. Ta ce, "Ke nan sati biyu ka yi, ka je ka kai dage yawo bisa babur."

Na ce mata haka ne. Ta sake sa yatsa.